Kalmar da Ta Ƙi Fitowa

Litinin, 3 ga Maris
Akpene, jikata, ta samu aiki a masana'antar roba ta bakin tashar jiragen ruwan Lome! Ranar Lahadi zan miƙe a coci in yi godiya, in faɗi sunan aikinta da bakina. Ta aiko a waya: extrusion. Harshena ya ƙi.

Talata, 4 ga Maris
Ba ta cikin ƙamus ɗin da aka ba mu a ajin yamma. Shekara biyar ina zama kan bencin yara da furfurata, kalma ɗaya ta kayar da ni. Afiwa, matata, ta ce in ci tuwona kafin ya huce, in ce yarinya ta samu aiki kawai. Kawai! Kowa ma ai yana samun aiki.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je wurin Malam Agbeko, tsohon malaminmu. Ya ce Latin ce: ex, waje, trudere, turawa. Turawa waje. Wai a da har korar mutum ana kiranta haka.
Kora? Daga ɗauka? Na dawo ban taɓa abinci ba. Wayar Akpene a kashe.

Juma'a, 7 ga Maris
A kashe har yanzu. Ga shi na riga na gaya wa rabin unguwa.

Asabar, 8 ga Maris
Akpene ta zo, ashe aikin kwana suka yi. Na tambaye ta wa ya tura ta waje. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ɗauko man goge baki ta matsa a yatsana.
"Kaka, ka gani? Robar ake narkawa, a tura ta ƙaramin rami, ta fito bututu. Ni ce mai turawar."
Afiwa ta ce da na tambayi yarinyar tun Litinin da na huta. Na fita. Na yi ta maimaita kalmar a bayan gidanmu har awaki suka tsaya kallona.

Lahadi, 9 ga Maris
Na miƙe a coci. Na tura, na tura, kalmar ta ƙi fitowa. Agbeko yana benci na biyu, ya kafe ni da ido.
Sai na ji na ce: "Bututun da ke kawo muku ruwa, jikata ke yin irinsa."
Aka yi tafi. Akpene ta rufe fuska da ɗankwali.
Ba abin da na shirya ba ke nan. Da na zauna Afiwa ta matsa hannuna, ban janye ba.