Ɓarawon Doya Ya Fita Daga Zaure

Argungu.

Zuwa ga aminina Clement,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida Hope da yara. Yaya ƙarin haƙuri? Na rubuto da hannu ne saboda ba ka ɗaukar wayata.

Ka san mahaifinka Baba Simeon bai taɓa kiran sunana ba. Tun muna yara a Badariya, ɓarawon doya yake ce mini, ni kuma in ce ya fito da shanunmu da ya cinye. Wasan Bafulatani da Batibi ke nan, ko mutuwa ba ta hana shi. Shi ya sa da ka sanar da rasuwarsa a zauren 'yan ajinmu na waya, na rubuta cewa tsoho ya gudu da shanunmu a cikinsa. Wallahi ina hawaye na rubuta.

Na manta zauren ya cika da waɗanda ba su san wasan ba. Dikko ɗan ajinmu ya ɗauko maganata ya ɗora zagin Tibi da Kiristoci, wasu suka rama da zagin Fulani, har da hotunan gawarwaki, duk a ƙarƙashin hoton Baba. Na roƙi Abdussamadu, mai kula da zauren, ya goge. Ya ce zaure na kowa ne, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, in ya goge na ɗaya sai ya goge na kowa. Na ce ƙiyayya ba ra'ayi ba ce, ya ce wa zai yi alƙalanci? Raina ya ɓaci, na fita. Na ɗauka hakan zai nuna maka inda na tsaya.

Naka,
Izzuddeen.

Argungu.

Aminina Clement,

Ina gaisuwa, yaya gida da yara? Ranar Asabar na zo gidanka a Gesse ban same ka ba, amma Hope ta ba ni ruwa, ta kuma ba ni gaskiya. Ta ce da ka karanta zancen shanu sai da ka yi dariya, kuma ita kaɗai ce dariyarka ranar. Abin da ya ƙona maka rai shi ne ganin an rubuta a zauren cewa na fita. Ni kaɗai ne Bafulatanin da zai iya gaya musu wasa ne tsakaninmu, sai na kama gabana na bar ka da su.

Ban yi nadamar ƙin zama da zagi ba, amma na yi nadamar fita ban ce uffan a gabansu ba. Na sa Abdussamadu ya mayar da ni don in yi bayani, na tarar kai ma ka fita.

Ga busasshen kifi na aiko ta hannun direba Hammadu. Ba sai ka kira ba. In ka huce, ka rubuto mini sunan da Baba ke kirana. Tun da ya rasu ba wanda ya faɗe shi.

Naka har kullum,
Izzuddeen.