Sulallan Malam da Na Wanke da Toka

Ni Mastura, mai tuwo a Agege, matar marigayi Malam dillalin shanu, nake wa 'ya'yana wannan wasiyya. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni sambatu.

1. Ɗakunan nan biyu da 'yan kunnena, a kira Liman ya raba yadda Allah Ya ce. Tukwanen tuwo, in kun yarda, ku bar wa 'yar'uwarku Laila, ita ta sha hayaƙinsu.

2. Gwangwanin mahaifinku. Kun san yadda ya tara tsofaffin kuɗi: anini, kwabo mai huji, sisi, sule, fataka. Wani a hannun Fulani ya samo, wani wajen direbobin tirela a Ijora. Bai taɓa bari a taɓa su ba, shi kansa ta gefe yake riƙe su. Ni kuwa na ɗauka rowa ce irin ta maza.

Ina cikin takaba, zama ya ishe ni, na buɗe gwangwanin. Na tarar yawancinsu sun yi duhu. Na ce, kai, kayan Malam a haka? Na samo toka da lemun tsami, na dirje su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda uwata ta koya mini wanke tasoshin jere. Suka yi fari fat. Wallahi har daɗi na ji.

Ashe ɓarna na yi. Sulen da ba a taɓa ba, in ka karkata shi a rana, hasken kewaya shi yake yi a hankali. Wanda aka dirje kuwa ƙyalli ne kawai mai kashe ido, da ƙananan zane-zane kamar sawun tsintsiya. Duhun nan da na raina, shi masu saye suke nema.

3. Hamidu, kai ka kai gwangwanin wajen mai saye a Ikeja, ya ce ba zai biya ba sai farashin ƙarfen kawai. Ka tuna na mahaifinka masu duhu ne, kuma tun da na fita takaba mabuɗin akwatin da gwangwanin yake ciki yana hannun Yayanku. Ka dawo ka kira shi ɓarawo a tsakar gida, a gaban matarsa, ka ce ya sayar ya musanya. Ina zaune a kan tabarma, ban ce uffan ba. Mata suka riƙa yabona, wai Mastura akwai kara, ba ta shiga maganar ɗan fari ba. Ba kara ba ce, tsoro ne. Na ɓuya a bayan kunyar ɗan fari, na bar ɗana da sunan sata. Tun ranar bai sake cin tuwon gidan nan ba, sai dai ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Ina jin kunyar wannan fiye da ta tokar.

4. Akwai sule guda da ya tsira. A aljihun rigar Malam na tsince shi daga baya, yana nan ƙulle a bakin farin mayafina. Ku kwance, ku ajiye shi kusa da na gwangwani, ku karkata su a rana, idonku zai gaya muku. Kada kowa ya goge shi, ko da bakin riga. Hamidu, kai za ka ɗauka da hannunka ka kai wa Yayanka har gida, ka faɗi gaskiya a gaban matar da ta ji ƙaryar.

Dukiyar marayu na ɓata, ku yafe mini. Ku riƙe zumunci, kada Legas ta raba ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku biyayya.

Kai kuma, tun da na haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba. Yau na ajiye kunyar, don a san wanda nake wankewa. Isiyaku, ɗana, ba ɓarawo ba ne.