Bindiga a Hannun da Kika Ɗinke

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Kande mai gyaɗa, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da ya durƙusa gaban uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san ba za ki karanta wannan ba, da ma ko kina raye sai dai ki ce in zauna in karanta miki a hankali. Masu bibiyar shafina ne za su gani, to su yi haƙuri, yau ba da su nake ba.

Inna, Idi ne. Ina nan Waziriyya, cikin Jidda, a gidan da kika sani, sai dai yanzu ya yi mini yawa. Matata Rabi ta biyo bayanki, 'yarmu Suhaila ta yi aure Dammam, in na rufe ƙofa ba na jin motsin kowa sai gurnanin na'urar sanyi. Kewa nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Aikina yana nan yadda kika bar shi, ina rakiyar motar kamfani da ke ɗauko kayan gwal daga maƙera a unguwar masana'antu ta kai shagunan Balad da Bagdadiyya. Takardar zama ɗan ƙasa da Baba ya bar mana ita ta ba ni damar rataya bindiga. Kullum da safe in karɓa a ofis, da yamma in mayar, kuma har yau ban taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba, alhamdulillahi.

Maganar bindigar ce ta kawo ni. Kada ki yamutsa fuska, na san ba ki taɓa son ta ba, amma ki saurare ni.

Wadda na saba da ita ita ce mutanen nan ke kira abu mahala, mai 'yar ganga a tsakiya da ke juyawa, harsashi shida ta ƙoshi. Tsohuwa ce irina, ba wayo, ba gardama. Ka ja kunama ta tashi, in wani harsashin ya ƙi ka sake ja ta wuce na gaba. Aibinta ɗaya, kunamarta tauri gare ta, sai yatsa mai ƙarfi. To bana kamfani ya kawo sababbi, irin waɗanda ake zura wa gidan harsashi ta gindi. Sirara ne, ba sa damun ƙugu, cikinsu ya ninka na tsohuwar, kunamarsu kuwa taɓawa kaɗan take so. Sai dai dole ka ja bayansu da ɗaya hannun kafin su shirya, kuma in wuyan hannunka ya yi sako-sako sai su shaƙe su ƙi tashi. Mudir, wato manajanmu, ya ce samari duk su koma sabuwa, mu tsofaffi kowa ya zaɓa, amma wadda ka zaɓa da ita za ka shiga gwajin shekara. Wanda ya faɗi, halas, wato shi ke nan, ya aje aiki.

Ni kuwa in na aje aiki, Inna, ina zan je? Motar nan ita ce kaɗai wurin da ake kiran sunana kullum. Direbanmu Mu'azu, haihuwar nan ne, jikan Kanawa, Hausa yana ji amma da Larabci yake mayarwa. Shi ke kawo mana shayi da burodin tamis da safe, ya ce, “Yalla ya ammu, a ci kafin ya huce.” Ammu, wato baffa, haka yaran nan ke kirana. In babu wannan, sai in wuni ban buɗe baki ba sai a salla.

Ga matsalar. Ciwon sugan nan naki ni na gada, kuma ya soma cin jijiyar hannuna na dama. Yatsun sun zama kamar na aro, maɓallin riga ma sai na yi ta fama. Da muka je filin harbi gwada bindigogin, tsohuwar ta ƙi ni ƙiri-ƙiri. Na ja kunama hannu na rawa, harsashi ya tafi gaishe da allon maƙwabcina. Sabuwar kuwa, da na tallafe ta da hannu biyu, ta rufa mini asiri daidai gwargwado. Na ce a raina shi ke nan, ga mafita.

Mai koyar da mu wani tsohon soja ne, Abu Nayif, ba ya yawan magana, kallo ya iya. Muna shirin tafiya sai kawai ya jefo mini makullin motarsa ba zato. Na cafe. Da hagu na cafe, Inna. Ya ce, “Ya Idris, kai ai bahago ne. Wa ya juya ka?” Na tsaya riƙe da makulli kamar an kama ni da kayan sata. Ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Sabuwar ba za ta zauna a haguna ba, don damana ba shi da ƙarfin jan bayanta. Zaɓina biyu ne: ko sabuwa a dama in ci gwaji in yaudari kaina, ko tsohuwa a hagu.

Wa ya juya ni? Ke mana.

Ki tuna bakin kasuwa a Balad, kina zaune da tiren gyaɗa, ni ina gefenki ko makaranta ban shiga ba. Wani dattijo ya sayi ƙulli, kika ce in miƙa masa. Na miƙa da hagu. Bai karɓa ba. Ya dube ni, ya dube ki, ya ce da ma 'ya'yan takari haka suke, ya wuce ya bar gyaɗarsa.

Ba ki doke ni ba. Wallahi da kin doke ni da ya fi mini sauƙi. Muna isa gida kika ɗauko allura kika ɗinke bakin hannun hagu na rigunana. Riguna biyu ne da ma, aikin bai ɗauke ki lokaci ba. Na yi watanni hannu a cikin buhu, yaran unguwa suna kirana mai hannu ɗaya, ina kuka ina share hawaye da dama tunda ita kaɗai ke waje.

Ranar da kika farke ɗinkin kin riƙe haɓata, idonki ya yi ja, kika ce, “Idi, duk ranar da ka sake miƙa wa ɗan Adam hagu, ban yafe ba.” Sai da na girma na gane ba haushina kike ji ba. So kike kada wani ya sake samun bakin faɗa mana magana a ƙasar nan.

Kuma maganinki ya ci. Rubutu da dama, gaisuwa da dama, bayarwa da karɓa da dama, har na manta an taɓa haihuwata bahago. Ina jin ke ma kin manta. Kin tafi ne da hantsi ina cikin mota a kan hanya, ban samu ko neman gafara ba, balle in tuna miki wannan kalma ki janye ta. Tana nan inda kika aje ta.

Za ki ce mene ne haɗin gyaɗa da bindiga. Inna, ɗaga bindiga ai miƙa hannu ne, kuma ga ɗan Adam ake miƙa shi.

Na kira Suhaila in yi shawara. Ta saurare ni yaranta na ihu a bayanta, ta ce, “Baba, halas, ka ɗauki sabuwa mana, wa ke riƙe tsohon abu yanzu?” Na soma ba ta labarin rigar, da Hausa don ba ya faɗuwa da wani harshe, na gane rabin maganar ya wuce ta. Na ce ba komai, ta gaida mijinta.

Na tambayi limamin masallacinmu. Ya yi dariya har sai da ya riƙe kafaɗata, ya ce babu laifi ko kaɗan, lalura ce, kuma maganar uwa cikin fushi ba a ɗora mata irin wannan nauyi. Na gode masa. Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma ba shi ya riƙe haɓata ba.

Ranar Juma'a bayan salla na tafi maƙabarta. Kin san kaburburan nan, ba suna ba alama, duwatsu ne jere kamar juna. Na yi ta zagaye cikin rana ina cewa nan ne, a'a can ne. Daga ƙarshe na tsaya a tsakiya na yi wa kowa sallama, na faɗi damuwata a fili kamar mahaukaci. Ba wanda ya amsa. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, ga furfura cike da gemuna.

Na dawo da niyyar ɗaukar sabuwar. Na ce ai shekara da shekaru ba abin da ya faru, in ci gwajina, in bar kalmarki a inda take.

Sai ranar Talata da azahar a Bagdadiyya. Na fito daga mota, jakar kaya a haguna kamar kullum, sai wani mai babur ya taho da gudu ya ci burki dab da ni, fuska a rufe da hular kwano. Damana ya tafi ƙugu, Inna, ya isa, amma yatsun suka kasa ɓalle maɗaurin kube. Ina ja, suna zamewa. Ashe bawan Allah abinci ya kawo wa shagon gaba, ko kallona bai yi ba. Na waiga, ga Mu'azu a cikin mota gilashi a sauke, yana waya da ƙaramar 'yarsa yana kwaikwayon kukan kyanwa. Bai ga komai ba. Ya saki jiki ne don ya san ammu yana tsaye.

Kunya ta kama ni. A filin harbi hannu biyu gare ni, a titi ɗaya ne, ɗayan yana riƙe da jaka. Wannan hannun da ya kasa ɓalle maɗauri, shi zai riƙe bindiga mai shaƙewa? Yaron mutane zan bari a buɗe don in tsira daga kalmarki?

Washegari na sami Abu Nayif na ce ya ba ni tsohuwata da kuben hagu. Ya miƙo.

Inna, abin da ya faru a filin nan ya ba ni tsoro. Hannun da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya kama bindigar kamar jiya ya aje ta. Kunamar da ta gagari dama ta bi shi salin-alin. Na yi makonni ina zuwa bayan aiki, ranar gwaji kuwa na ci ba tare da gargada ba, har samarin suna tafi suna cewa ammu ya ɓoye mana. Ni ko murmushi na kasa. Na shiga banɗaki na kulle, na dubi hannun nan, na ji tausayinsa kamar ɗan da aka kai riƙo aka manta da shi. Na yi kuka, ba zan yi miki ƙarya ba. Na fito na rasa wanda zan kira in ce na ci.

Yanzu jaka ta koma kafaɗar dama, bindiga ta koma ƙugun hagu. Sauran abubuwa suna nan yadda kika tsara su. Ina gaisawa da dama. Abinci ma da dama nake ci, ko da rabin shinkafar zai dawo cikin faranti, ba mai gani balle ya yi dariya.

Har zuwa wannan layin ban karya maganarki ba. Allo na harba, allo kuwa ba ɗan Adam ba ne. Kullum in zan fita ina roƙon Allah Ya sa in mayar da ita ofis da yamma yadda na karɓo ta, har ranar da zan aje ta gaba ɗaya. Amma ba zan yi miki wayo ba, shi ya sa na rubuto. In ranar ta zo, wani ya nufo motar nan da sharri, Mu'azu yana bayana, zan miƙa hagun, Inna. Zan miƙa shi ina sane, da muryarki a kunnena. Ina gaya miki ne tun yanzu don kada ki ji a bakin mala'iku.

Ki yafe mini kafin in yi. Ke kika haifi hannun nan kamar yadda kika haifi ɗayan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowace rana da kika wuni a bakin kasuwa dominmu. Ya haɗa ki da Baba da Rabi a inuwa ɗaya. Ya tsare Mu'azu da 'ya'yansa, Ya shiryi duk wanda ke da niyyar tare mu tun bai fito daga gida ba. Ni kuma Ya sa in same ki kina murmushi, ba kina kau da kai ba. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Idi
Waziriyya, Jidda