Alkawarin da Na Juya Miki Zuwa Jamusanci

Zuwa ga Maricel, sanyin idona, mangwaron da na yi wa ban-ruwa wani ya tsinka, ruwan farkon damina da ya tsallake gonata ya sauka a ta maƙwabci!

Saƙonki ya iso daga Jamus. Na ɗauka kewata ce ta motsa miki, ashe aiki kika kawo. "Kuya Efren, don Allah ka taimaka," in ji ki. Kuya! Yaushe na koma yayanki? Wai kin rubuta da Turanci alkawarin da za ki karanta wa Torsten ranar aurenku, sai jimla ɗaya ta ƙi juyuwa zuwa Jamusanci: "Ba zan taɓa cire rai da kai ba." Kalmar Turancin ta "cire rai" irin mai guntaye-guntayen nan ce, ƙamus ya zubo miki fassara barkatai, kina tsoron zaɓar wadda dangin ango za su yi wa dariya. Duk malaman Jamusancin da ke garinmu Iloilo, a nan Filifin, ba ki ga wanda za ki yanka da wannan wuƙa ba sai ni?

Kin manta rumfar miyar taliya a kasuwar La Paz? Ki taso daga asibiti da fararen kayanki, ido jajur, ina yi miki bitar irin waɗannan kalmomi, kina buga cokali a tebur: "Wane mugu ne ya ƙirƙiro harshen nan?" Da kika faɗi jarrabawar Jamusanci kika ce kin haƙura da tafiyar, ni na hana ki. Ni, da bakina! Ina tsammanin za ki je ki share mana wuri, ashe tsani nake jingina wa wani.

Raina ya ɓaci, Maricel, ba zan ɓoye ba. Zuciya ta raya mini in ba ki gurguwar fassara, coci ya kwashe da dariya, kunya ta koro ki gida wurina. Na kasa. Ina ni ina jin an yi miki dariya, ko daga bayan teku ne?

Na haɗo miki fassarar gaskiya a wata takarda, tsaf, babu inda Bajamushe zai sa alƙalami. Ki karanta a hankali, kada ki haɗiye ƙarshen kalma yadda kika saba. Torsten zai yi murmushi, danginsa su tafa. Ke kaɗai za ki san cewa ba fassara na yi ba, maganata na faɗa miki.

Naki, ko kin so ko kin ƙi, har ƙasa ta rufe idona,
Efren