Katangar Tasha Ta Faɗi, Na Ga Aikin Maigida

Anti, ki taimake ni kafin bakina ya janyo mini abin da ya fi ƙarfina.

Maigidana yana aiki a tsohuwar tashar jiragen ruwa, bayan wata doguwar katanga da ta raba garinmu da bakin ruwa tun ba a haife ni ba. Kullum da yamma sai ya shigo dafe da ƙugu yana nishi, wai buhuna sun karya shi. Ni kuwa baiwar Allah in dafa ruwa in gasa masa baya, in tsame masa tsoka mafi girma, in hana yara ko tari.

To, hukumar gari ta ce za ta mayar wa mutane bakin ruwansu. Aka rushe katangar, aka shimfiɗa hanyar ƙafa, aka dasa itatuwa, aka jera bencina. Na ja surukata muka je shan iska. Anti, wa zan gani? Mutumin nawa ne kwance a kan tsohuwar taya, hula a fuska, ƙafa ɗaya kan ɗaya, igiyar fatsa ɗaure a babban yatsansa! Ko kwale-kwale babu a wurin balle jirgi. Surukata ba ta gani sosai, har tana Allah wadai da uwar da ta raini wancan malalacin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai kifin bakin layinmu tana tsaye a kansa da kwano. Ashe kifin da nake saya in dafa masa don ya mayar da ƙarfi, shi ke kamawa!

Bai san na gan shi ba. Jiya ma da nishinsa ya dawo. In tona shi a gaban uwarsa, ko in ci gaba da gashi?

Matar Mai Ciwon Baya

Amsa:

'Yar'uwa, na yi dariya har da hawaye, ki yafe mini. Kina da gaskiya, an ci gumin hannunki, kuma ƙarya ba ado ba ce a gidan aure.

Amma duba ɗaya gefen. Jirage sun daina zuwa, aiki ya mutu, kunya ta hana shi faɗa. Bai zauna a gida ba, ya nemi abin da zai rufa muku asiri, ko da a kwance ne. Yanzu katangar da yake fakewa da ita ta tafi, na tabbata ya fi ki shiga zullumi.

Kada ki sa uwarsa a ciki, ta riga ta zagi kanta, ya isa. Gobe ki zuba abincinsa a kwano, ki kai masa har kan tayar. Ki zauna a benci mafi kusa, shi zai fara magana. In ya gama, ku tambayi hukuma ko za a ba da rumfuna a sabuwar hanyar. Shi ya kama, ke ki soya, masu shan iska su saya.

Gashin baya kuwa kada a daina shi a gidanku. Ki miƙa masa tsumman, ki juya masa naki bayan.

Allah ya bar ku tare, ya sa kifi ya yi ta cin fatsa.