Tsamiyar da ke ƙarƙashin ruwan Zobe

Zuwa ga Goggo Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Ummi. Yaya zaman Fatakwal? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Goggo, an ba mu aikin gida, tambayoyi kan gwamnati da tattalin arziki, na amsa su daga littafi. Ta ƙarshe ta tarihi ce: me ke wurin kafin a yi madatsar Zobe? Littafin bai faɗa ba, sai na tambayi Kaka da muka je Kurfi. Ta ajiye rariya ta ce, "Ke 'yar boko, ai gonarmu ce a wurin. Akwai tsamiyar da goggonki ke hawa, ta ƙi saukowa sai an dama mata fura."

Abin da na rubuta ke nan. Tun ranar nake ganin tsamiyar a zuciyata, tana tsaye cikin ruwa, kifaye na ratsa rassanta.

Na zaci Malam zai soke amsar, sai ya ce in karanta ta a gaban aji ranar Litinin. Kin san ni da kunya. Ga shi Baba ya dage wai kanya ce, ba tsamiya ba. Ke kika hau ta, Goggo. Don Allah ki bugo masa waya kafin Litinin, kada in faɗi abin da ba haka ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Kaka ta ce ki sauko haka nan, furarki na jira.

'Yarki,
Asma'u