Gwanin da Ke Fuskantar Bango

Zuwa ga Ustoz Mirkomil, Tashkent.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ƙafar taka? Ni ce Mohigul, yayar ɗalibinka Otabek, daga Ƙoƙand.

Tun da aka ba shi lambar babban gwanin darar chess ya tsiro da wasan juya baya. Mutane su jeru da allunansu, shi yana fuskantar bango, daga kansa yake faɗin inda za a matsa masa 'ya'yan wasan, doki ko giwa ko sarki. Jama'a na tafi, ni kuwa tsoro nake ji. Ustoz, ko an tashi, wasannin ba sa fita daga kansa. Jiya na ajiye masa shinkafar palov, ya ce, "Yaya, janye hannunki mana, kin tare mini giwa." Ba allo a gabansa, gurasa ce kawai da butar shayi.

Yanzu an gayyace shi Bukhara, allunan sun ninka. Maganarka kaɗai yake ji. Ka hana shi.

Allah ya ƙara lafiya.
Mohigul

*

'Yata Mohigul,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan tana gasa mini aya a hannu.

Ke dai akwai ki da tsoro. Wane gwani ne ba shi da 'yar taɓuwarsa? Ni nan na sha zuwa kasuwa da takalma wari da wari. Bukhara ce za ta kai sunan yaron nan ƙetare, sai in ce masa zauna gida? Ki ba shi romo mai zafi, ya yi barci. In ya dawo zan ja masa kunne.

Ki gaida mutanen gida.
Mirkomil

*

Ustoz,

Gaisuwa a taƙaice. Ya cinye su kakaf a Bukhara, na san ka gani a jarida. Tun da ya dawo, kujerarsa tana fuskantar bango. Maƙwabta sun zo barka, ko waiwayowa bai yi ba. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Ka zo, ko da ɗauko ka za a yi.

Ka huta lafiya.
Mohigul

*

Ustoz,

Gaisuwa da girmamawa. Lafiyata ƙalau, kada ka wahalar da ƙafarka. Ni ke gaba a kusan duk allunan.

Abu ɗaya ke damuna. Akwai wata mata a bayana, kullum tana kuka tana kiran sunana, amma ta ƙi faɗin wasanta. Don Allah ka bincika mini, a wane allo take zaune?

Ɗalibinka,
Otabek